An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Labarin Onan da Wa'azin Tsoratarwa

Akwai wata magana da kunya ta hana iyayenmu su yi mana, ta hana malamanmu na sakandare, ta kuma hana mu kanmu yin ta a tsakaninmu sai dai cikin raɗa ko cikin ba'a. Maganar nan kuwa ita ce ta istimna'i, watau mutum ya biya wa kansa buƙatar sha'awa da hannunsa, abin da wasu ke kira zinar hannu. Kunya ado ce, ba mu musa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da yake masu hankali sun yi gum da bakinsu, sai fili ya zama na mutum biyu: mai wa'azin tsoratarwa a kan mumbari, da mai tallar magani a bakin tasha. Su biyun nan kuwa, ko sun sani ko ba su sani ba, abokan ciniki ne, don abin da ɗaya ya shuka shi ɗayan ke girbewa.

Mu ɗalibai Kirista da ke karatu a nan Dutsin-Ma, da waɗanda suka fito daga ƙauyukan ƙasar Kurfi da Malumfashi da Ƙafur, da waɗanda suka zo daga kudancin Kaduna ko Filato, kusan babu wanda a cikinmu bai taɓa jin wa'azin nan ba. Ana ce mana wannan shi ne zunubin Onan, kuma saboda shi Allah ya kashe Onan nan take. Sa'an nan a biyo da jerin masifu: makanta, da hauka, da mantuwa, da rashin haihuwa, da tsiyar da ba ta ƙarewa, da auren aljanar dare. Saurayi ya fita daga majami'a jikinsa na ɓari. Ya daina cin Jibin Ubangiji, don yana ganin bai cancanta ba. In ya faɗi jarrabawa ya ce la'ana ce ta kama shi. Kuɗin da uwarsa ta sayar da akuya ta aiko masa ya kai wa mai magani. A ƙarshe ya daina zuwa sujada gaba ɗaya, don ya yanke ƙauna. 'Yan mata kuwa ko ambatonsu ba a yi, sai kowace ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya ke fama da wannan abu.

Abin da muke cewa a wannan shafi guda ɗaya ne: an ɗora wa labarin Onan kayan da ba nasa ba, an kuma sauke masa kayan da ke nasa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba mu da uzurin rashin sani. Tun shekara ta 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa, bayan aikin shekaru masu yawa na Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya tare da abokan aikinsa, kuma bayan wannan an sake yin wasu fassarori. Babi na 38 na Littafin Farawa ayoyi 30 ne kacal, ba zai ci wa mai karatu minti 10 ba. Duk wanda ya karanta shi da idonsa zai ga abin da ke ciki. Yahuza ɗan Yakubu yana da 'ya'ya maza uku: Er, da Onan, da Shela. Ya aurar wa Er wata mace mai suna Tamar. Er ya mutu bai bar ɗa ba. Sai Yahuza ya umarci Onan ya shiga wurin matar wansa domin ya samar wa mamacin zuriya. Onan kuwa ya san ɗan da za a haifa ba za a lissafta shi nasa ba, saboda haka duk lokacin da ya kwana da ita sai ya zubar da maniyyinsa a ƙasa. Littafi ya ce abin ya zama mugunta a gaban Ubangiji, ya kuwa kashe shi. To, jama'a, ina istimna'i a nan? Onan ba shi kaɗai yake a ɗaki ba, yana tare da mace. Abin da ya yi shi ne wanda malaman fiƙihu ke kira azalu, watau janye jiki kafin zubar maniyyi. Ko mai tsananin ra'ayi ba zai iya musa wannan ba.

Kuma Littafin bai bar mu cikin duhu ba game da dalilinsa, ya faɗa a fili cewa don kada ya ba wansa zuriya ya yi haka. Domin mu fahimci nauyin wannan, sai mu duba Maimaitawar Shari'a babi na 25, aya ta 5 zuwa ta 10, inda aka rubuta dokar auren matar ɗan'uwa. A Isra'ila ta dā, macen da mijinta ya mutu ba ɗa ba ta da gona, ba ta da mai tsaya mata, ba ta da wanda zai riƙe ta in ta tsufa. Ɗan farin da za ta haifa wa ƙanen mijinta shi ne zai ɗauki sunan mamacin, ya gaji rabonsa. Er kuwa shi ne ɗan fari, kuma bisa ga babi na 21 na littafin nan, ɗan fari rabo biyu yake ɗauka. Lissafin a bayyane yake. In Tamar ta haifi ɗa namiji, babban rabo ya tafi wurin yaron. In ba ta haifa ba, Onan ne babba a gida. Saboda haka ya karɓi matar a gaban mahaifinsa kamar mai biyayya, ya more jikinta dare bayan dare, ya kuma hana ta abu ɗaya tak da ya sa aka ba shi ita. Wannan cin amana ne, da haɗama, da zaluntar mace marar gata, da yaudarar uba, duk a cikin aiki ɗaya.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce hukuncin wanda ya ƙi auren matar ɗan'uwansa a cikin Shari'a bai wuce kunyatarwa ba: matar ta cire masa takalmi a gaban dattawan gari, ta tofa masa yawu. In haka ne, don me aka kashe Onan, in ba don zubar da maniyyin ba? Manyan malaman Ikilisiya kamar Agustin da Luther da Calvin duk sun yi wa aikin Onan kakkausar suka ta wannan fuska, har Paparoma Pius na 11 ya kawo maganar Agustin a wasiƙarsa ta 1930 a kan aure. Ba mu raina su ba. Amma wanda ya fito fili ya ce ba zai yi ba, ya sha kunyarsa a ƙofar gari, ya saki matar ta san matsayinta, dabam yake da wanda ya ce ya yarda, ya riƙe ta, yana cin moriyarta, yana kuma rufe mata hanya a ɓoye. A cikin Ayyukan Manzanni babi na 5, Hananiya da Safiratu suna da ikon riƙe kuɗin gonarsu, Bitrus ma ya faɗa musu haka. Abin da ya kashe su shi ne nuna wa jama'a sun ba da duka alhali sun ɓoye wani kashi a hannun riga. Sa'an nan ko an bi fassarar tsofaffin malaman nan har ƙarshenta, maganar hana ɗaukar ciki a shimfiɗar aure take yi, ba ta zama labarin saurayi shi kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

In muka bar Onan, ina kuma Littafi ya ambaci wannan aiki da sunansa? Babu. Littafin Firistoci babi na 18 da na 20 sun jera haramtattun ayyukan jima'i ɗaya bayan ɗaya ba tare da jin nauyi ba, da kwana da dangi na kusa, da matar maƙwabci, har da dabba, amma wannan bai shiga jerin ba. Babi na 15 ya yi maganar mutumin da maniyyi ya fita daga jikinsa: ya yi wanka, ya wanke tufafinsa, ya zauna da ƙazanta har faɗuwar rana. Ba a ce ya kawo hadaya ba, ba a ce a jefe shi ba. Hukuncin nan kuwa shi ne dai aka ɗora wa miji da mata bayan kwanan halal a aya ta 18. Ashe maganar tsarkin shiga sujada ce, irin ta wankan janaba, kuma mai mafarki ma ya shiga cikinta.

Kada wani ya ɗauka muna cewa Littafi ya saki linzami. Sam. Akwai wurin da maganar take da tushe, kuma wurin ya fi labarin Onan tsanani. A Matiyu babi na 5, aya ta 27 zuwa ta 30, Yesu Almasihu ya mai da shari'ar zina daga shimfiɗa zuwa zuciya: wanda ya dubi mace da nufin sha'awarta ya riga ya yi zina da ita a ransa. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, ya kuma ce ko abu ya halatta bai yarda ya zama bawansa ba. Ya gaya wa Tasalonikawa kowa ya san yadda zai mallaki jikinsa cikin tsarki da mutunci, ya lissafta kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Duk ɗalibin da ke raba dare yana ƙone kuɗin data a kan hotunan batsa a wayarsa, yana kallon 'ya'yan mutane kamar naman kasuwa, sa'an nan gari ya waye ya dubi 'yar ajinsu da irin idon nan, to ayoyin nan da shi suke, kuma ba mu da niyyar sassauta masa su. Amma a lura da bambancin. Ayoyin nan suna kiran mutum ya gyara zuciyarsa, ya koyi riƙon kansa, aikin da ake yi a hankali, da faɗuwa da tashi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta ce zai makance ko zai mutu kafin asuba.

Ikilisiyoyi ma ba baki ɗaya suke ba. Ikilisiyar Katolika ita ce ta fi fayyace matsayinta a rubuce. A sanarwar da fadar Paparoma ta fitar a 1975, da kuma sakin layi na 2352 na Katekizim na 1992, ta ce aikin a kan kansa babban karkacewa ne daga manufar da Allah ya yi jima'i dominta, watau ba da kai tsakanin miji da mata da kuma haihuwa. Wannan magana ce mai kauri, kuma hujjarta ta fito daga koyarwar Ikilisiya da nazarin halitta irin na Toma Akwinas. Abin lura shi ne sakin layin bai kafa hujja da Onan ba ko kaɗan. Har ila yau, a cikin sakin layin nan aka umarci masu kiwon rayuka su yi la'akari da ƙuruciya, da ƙarfin sabo, da damuwar zuciya, da sauran matsalolin rai da na zamantakewa, waɗanda kan rage nauyin laifin mutum har ya koma ɗan ƙanƙani. Sau nawa muka ji an karanta mana wannan rabi na biyu? A ɓangaren masu bishara kuwa, irin su ECWA da sauran ikilisiyoyin da yawancinmu muka taso a ciki, malamai sun rabu. Wasu sun hana shi ɗungum saboda da wuya a raba shi da sha'awar zuciya. Wasu kuwa, kamar James Dobson na Amurka, wanda ba wanda zai zarge shi da sakaci a kan tarbiyya, ya rubuta wa matasa a 1978 cewa bai ga dalilin da za a ɗora wa yaro ƙaton nauyin laifi a kan wannan ba. Mai wa'azi yana da 'yancin ya zaɓi ra'ayin da ya gamsu da shi, amma ba shi da 'yancin ya ɓoye mana cewa akwai saɓani.

To, daga ina makanta da hauka suka shigo? Daga kasuwa. A birnin Landan, wajen 1712 zuwa 1716, wani mutum da ya ɓoye sunansa ya buga ɗan littafi mai suna Onania. Shi ne ya yaɗa liƙa sunan Onan a kan istimna'i, ya cika shafuka da labaran cututtuka masu ban tsoro, sa'an nan ya sanar da masu karatu inda za su sayi ruwan magani da garin magani a kan sulalla masu yawa. Littafin ya yi kasuwa, aka yi ta sake buga shi. A 1760 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Tissot ya sa wa maganar rigar kimiyya, har ya ce asarar awo ɗaya na maniyyi daidai take da asarar awo 40 na jini, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan. A ƙarni na 19 likitoci irin su John Harvey Kellogg na Amurka suka riƙa ba iyaye shawarar azabtar da yara da hanyoyi masu muni don a hana su. Wannan tsoro shi ne ya bi littattafan tarbiyya na Turawa ya bazu a duniya. Yau Turawan sun yar da shi, mu kuwa mun tsince shi mun yi masa baftisma, muna ta yaɗa shi kamar wahayi.

Likitocin zamani ba su sami wata shaida ba cewa istimna'i na kawo makanta, ko hauka, ko rashin haihuwa, ko ƙarewar maniyyi, don jikin namiji yana ƙera sabo kullum. Abin da suka samu shi ne tsoron kansa na sa ciwo. A ƙasar Indiya, a 1960, likitan ƙwaƙwalwa N. N. Wig ya bayyana wata damuwa da ke kama samari waɗanda suka gaskata cewa ƙarfinsu na tsiyayewa tare da maniyyi: kasala, da faɗuwar gaba, da rashin barci, da kasa karatu, alhali jikinsu lafiya lau. Ashe alamomin da mai wa'azi ke nunawa a matsayin hujja, sau da yawa wa'azinsa ne ya haife su. Gaskiya ne akwai wanda abin kan fi ƙarfinsa har ya ɓata masa karatu da mu'amala, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da irin wannan larura. Mai ita yana buƙatar likita da mai ba da shawara. Gorar tsimin da ake ɗaga wa a lasifika a tasha kuwa aljihunsa kawai za ta warkar daga nauyi.

'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a wannan jami'a da ma masu karanta wannan mujalla, suna da nasu malaman da nasu hukuncin. Malikiyya da Shafi'iyya sun haramta shi bisa ayoyin farko na Suratul Muminun, wasu malaman Hanafiyya da Hanbaliyya kuwa sun sassauta ga wanda ke tsoron faɗawa zina. Wannan ba huruminmu ba ne. Abin da ya haɗa mu shi ne mai tallar maganin nan ba ya tambayar addini kafin ya karɓi kuɗi.

Yanzu mu koma ga jakin da aka bari. In zunubin Onan shi ne mutum ya ci amanar matar ɗan'uwansa da ya mutu don kwaɗayin gado, to Onan bai mutu ba, yana nan da ransa a garuruwanmu. Kowa ya san abin da 'yan bindigar daji suka yi a shekarun nan a ƙasashen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari da Ɗanmusa. An kashe magidanta a gonakinsu da kan hanya, an bar mata da marayu, wasu sun yi gudun hijira sun cika garin nan. Ban da waɗannan, ga waɗanda ciwo da haɗarin mota suka raba da mazansu. Me kan faru bayan an share makoki? A gidaje da dama, ciki har da gidajen masu zuwa majami'a kowace Lahadi, 'yan'uwan mamaci kan zo su kwashe hatsin rumbu, su kama shanun noma, su raba gona, su ce wa matar ta koma gidan ubanta, ko kuwa ƙanen miji ya ce sai ta zauna da shi in tana son ta ci gaba da ganin 'ya'yanta. Wannan shi ne babi na 38 na Farawa da rigar Hausa. Sau nawa muka ji an hau mumbari an kira wannan da sunan Onan? Ana tsawata wa yaro ɗan shekara 18 wanda ba shi da bakin ramawa, ana kau da kai daga dattijon da ya cinye gonar marayu, don shi yana zaune a kujerar gaba, kuma baikonsa na da kauri. Alhali Yesu ya yi wa malaman zamaninsa kashedi a kan cinye gidajen matan da mazansu suka mutu, ya kuma zarge su da ɗaura wa mutane kaya masu nauyi waɗanda su kansu ba su taɓawa ko da yatsa. Wasiƙar Yakubu ta auna sahihin addini da abu biyu tare: kula da marayu da gwauraye, da kuma tsare kai daga ƙazantar duniya. Wanda ya ɗauki na biyu ya yar da na farko ya yanke ayar biyu.

Ƙarshen labarin ma abin tunani ne. Da Yahuza ya hana Tamar ɗansa na uku, ta nemi haƙƙinta ta hanyar da ta jefa ranta cikin haɗari, har aka yanke a ƙone ta. Da gaskiya ta fito, Yahuza da bakinsa ya amsa cewa ta fi shi gaskiya. Ɗanta Feresa ya zama kakan Sarki Dawuda, sunanta kuma yana cikin jerin kakannin Almasihu a babin farko na Matiyu. Babin nan na Tamar ne, amma an ƙwace mata shi kamar yadda aka so ƙwace mata gado.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da fastocinmu, da limamanmu, da iyayenmu na zumuntar mata. Na farko, duk wanda zai yi wa'azi a kan Onan ya karanta babin daga aya ta 1 zuwa ta 30 a gaban jama'a kafin ya buɗe baki. Na biyu, wanda ya gaskata istimna'i zunubi ne ya faɗi haka, ya kawo hujjarsa ta gaskiya daga koyarwar Almasihu a kan zuciya ko daga koyarwar Ikilisiyarsa, ya bar ƙaryar makanta da hauka, don ba a gina tsarki a kan ƙarya, kuma ranar da yaro ya gane an yi masa ƙarya a nan, zai yi shakkar sauran abin da aka koya masa. Na uku, a samar da dattawa maza da mata masu riƙon asiri, waɗanda ɗalibi zai iya zuwa wurinsu ba tare da tsoron ya ji labarinsa a wa'azin mako mai zuwa ba, a kuma gayyato likitoci su yi mana bayani. Na huɗu, kowace majami'a ta san matan mamata da ke cikinta da kewayenta, ta san wa ke riƙe da gonakinsu, ta tsaya musu a gaban dangi da gaban hukuma.

Bishara ta sami gindin zama a ƙasar Katsina ne a shekarun 1930, lokacin da ma'aikatan mishan ɗin SIM suka shiga jinyar kutare a Babbar Ruga, suna wanke gyambon mutanen da kowa ke gudu. Daga wannan ƙaramin mafari aka kai ga majami'u a birane da ƙauyuka, har a 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Bahaushe ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop ɗinsa na farko. Ikilisiyar da ta fara da taɓa wanda kunya ta rufe bai kamata ta koma mai korar 'ya'yanta da kunya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba shugabanninmu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya ga babba da yaro, mu kuma ya ba mu kamun kai da tausayin marasa gata. Amin.